Gansakuka a Lambun Baba

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, a shekarar na fara koyarwa a wata sakandaren 'yan mata da ke Fagge. An ba ni darasin kimiyya na ƙananan azuzuwa, aka haɗa ni da babbar malamar fannin, wadda kowa yake kira Madam. Ibo ce, Kirista. A Sabon Gari aka haife ta, can kuma take zaune da mijinta mai sayar da kayan gyaran mota da 'ya'yansu uku. Ta ba ni kusan shekara ashirin. Hausarta ta fi tawa kaifi, don ita a kasuwa ta koye ta, ni kuwa a tsakar gida. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, yatsunta kullum fari fat da alli.

Ɗakin gwaje-gwajen makarantar ba wani abin kirki a cikinsa. Famfunan sun daɗe da ƙafewa, kwalaben sinadarai rabinsu babu komai ciki sai takardar suna a jiki. Amma a bakin tagar gabas akwai wasu kwalabe a jere, irin na zuma da na man shafawa, kowace da koren ruwa a ciki. Na ɗauka ƙazanta ce aka manta da ita. A satina na farko na ɗauki biyu zan zubar, sai na ji muryarta a bayana.

"Malama, mayar min da su inda kika gan su."

"Gansakuka ce fa, Madam."

"Na sani. Shekara huɗu ke nan ina kiwonta."

Ta ga yadda nake kallonta, sai ta jawo madubin nan mai ƙara girman abu, guda ɗaya tak da ya rage mana mai lafiya. Ta ɗiga ruwan a gilashi ta ce in leƙa. Na ga zare-zare sirara, kore mai ratsin shuɗi, wasu kamar an jera ƙananan duwatsun wuya, suna motsi a hankali. Ta ce wannan ba ganye ba ne, ƙwayoyin halitta ne 'yan mitsi-mitsi, dangin bakteriya, sai dai su da hasken rana suke rayuwa kamar tsiro. Jikinsu yana da yauƙi irin na karkashi. Wannan yauƙin yana kama ƙarafa masu guba da suka narke a ruwa, irin dalma da sinadarin da ake jimar fata da shi, ya riƙe su. In ka tsame gansakukar daga ruwan, ka tsame gubar tare da ita. Ta fara karatun digiri na biyu a kan wannan, yajin aikin jami'a ya cinye shekarun, ciki ya zo, ta haƙura da takardar. Kwalaben ne ba ta haƙura da su ba.

Na tambaye ta inda ta samo ta. Ta ce a bakin rafin Jakara ta kankaro ta da cokali, a wurin da ko kwaɗo ba ya zama.

"Ai babana a bakin rafin yake lambu," na ce, kamar mai ba da labari mai daɗi.

Ta daɗe tana kallona. "Da wane ruwa yake ban ruwa?"

"Da na rafin mana."

"Kuna ci?"

"Tun ina yarinya."

Ta goge gilashin, ta mayar da madubin cikin akwatinsa.

A Kwaciri muke zaune, lambun kuwa yana can bakin rafi ta bayan Sabon Gari, Baba yakan tafi a keke bayan sallar asuba. Gado ne daga mahaifinsa. Latas yake yi, da alayyafo, da karas, da albasa mai lawashi, da ɗan kabeji. Yakan ce yana yaro sun kama kifi a rafin nan, har mata suna wanki a cikinsa. Ni ban taɓa ganinsa haka ba. Tun da na yi wayo baƙi ne, wata rana ya yi shuɗi, wata rana ja-ja, ya danganta da abin da aka sako daga sama. Masu jima, masu rini, masu gyaran batir, makanikai, kwatamin gidaje, kowa nan yake juye nasa. Warinsa kan tare ka tun kafin ka hango shi. Amma masu lambu suna son sa, saboda ba ya ƙafewa ko da rani ya kai inda ya kai, kuma wanda yake ban ruwa da shi ba ya sayen taki. Ƙafafun Baba daga gwiwa zuwa ƙasa sun yi kaushi sun tsattsage, kullum da yamma sai ya zauna a tabarma yana shafa musu man kaɗanya. Mun ɗauka haka ƙafar kowane manomi take.

Wata Asabar Madam ta ce in raka ta. Ta zo da takalmin roba da kwalabe wankakku a jaka. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Baba, abin da ya sa ya sake da ita nan take.

"Baba, barka da aiki. Ni ce nake wahalar da 'yarka a makaranta."

"A'a Madam, ai ita take wahalar da ke. Sannu da zuwa. Yaya maigidan da yara?"

Ta ɗebi ruwa a wuri uku, ta ɗebi ƙasa, ta tsinki ganye. Da za mu tafi Baba ya cika mata leda da latas, manya-manya masu sheƙi. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Sai da muka hau titi ta tsaya ta dubi ledar, ta dube ni, ta rasa yadda za ta yi da ita. Har gida ta tafi da ita, ban taɓa tambayarta abin da ta yi da shi ba.

Tana da wani abokin karatu a jami'a wanda yake iya auna irin waɗannan abubuwa in injinsu yana aiki kuma akwai wuta. Sai da aka yi sati biyar sannan takarda ta dawo. Ta kira ni ɗakin gwaje-gwaje bayan an tashi, ta shimfiɗa ta a tebur. Ta riga ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin kusan kowace lamba. A ruwan akwai, a ƙasar akwai, a ganyen ma akwai, kuma duk sun haura abin da jikin mutum zai iya ɗauka. Ta ce wannan ba irin gubar da take kayar da mutum yau ba ce. Taruwa take yi a jiki kaɗan-kaɗan, a ƙashi, a ƙoda, a ƙwaƙwalwar yara, shekara da shekaru, wanki kuma ba ya fitar da ita daga ganye, dafuwa ma haka.

Na ce ba zan iya gaya wa Baba ba. Ta ce za mu je tare.

Ya saurare ta har ta gama, yana tsugune a bakin fangali, fartanya a hannunsa. Bai yi musu ba, bai kuma yi fushi ba.

"Na ji, Madam. Ni ma na san ruwan nan ba na Allah da Annabi ba ne, hancina yana aiki. To in na bar shi, da wanne zan yi?"

Ta ce ba ta da wani ruwan da za ta ba shi. Abin da take da shi gansakuka ce, kuma a kwalba kawai ta taɓa gwada ta. In zai ba ta aron wani lungu na lambun, tana so ta gwada a fili.

Ya nuna can gefen bishiyar zogale. "Daga nan zuwa can. Ba na samun komai a wurin dama."

Yayana, wanda yake taya Baba aikin lambun tun da ya bar makaranta, shi ya haƙa mana ramuka uku masu faɗi marasa zurfi, ɗaya na bin ɗaya. Muka shafe su da siminti. A na farko ruwan rafi zai kwana biyu laka ta kwanta. A na biyu gansakuka za ta yi aikinta. A na uku a tara ruwan da aka tace. Yaya yana aikin yana gunaguni, wai mutane suna korar gansakuka daga randa, mu kuma muna gina mata gida.

Zubin gansakuka na farko kwana biyu ya yi ya mutu. A satin an sako wani abu mai ƙarfi daga sama, muka zo muka tarar koren ya koma fari-fari yana ɗoyi. Na biyu ma ya mutu. Madam ta koma kwalabenta ta sake renon wata gansakukar a baho a bayan ajinmu, ta riƙa saba mata da ruwan rafin kaɗan-kaɗan, cokali yau, kofi jibi. A zubi na uku ta kama. Cikin kwana goma tafkin tsakiya ya rufe da kore mai kauri, in rana ta take sai ka ga ƙananan kumfa suna tasowa. Muka riƙa zuwa duk Laraba bayan an tashi da kuma Asabar da safe, muna janye ta da tsohon gidan sauro, ni a wannan gefe ita a wancan, mu matse, mu shanya a kan kwanon rufi. Hannuna ya yi wata guda yana ƙarni duk sabulun da na sa.

Takarda ta biyu da ta dawo daga jami'a, jan layin kaɗan ne. Gubar ba ta tafi duka ba, amma ta ragu ƙwarai. Ranar na fara ganin haƙoran Madam gaba ɗaya. Ta aika aka sayo mana lemo da biredi daga bakin ƙofar makaranta, muka zauna a kan teburin gwaji muna ci kamar 'yan aji ɗaya. Lokacin kowa a gari yana cikin irin wannan hali. An ce yanzu mulki na jama'a ne, wanda ka zaɓa za ka iya zuwa ƙofar gidansa ka faɗa masa damuwarka. Hotunan 'yan takara ba su gama ɓallewa daga bango ba. Madam ta ɗauki alli ta zana mini a allo yadda za a yi manyan tafkuna a jere a bakin rafin, tun daga Fagge har ƙasa, kowane rukunin masu lambu da nasu. Na yarda da ita har zuciyata.

Cikas na farko da muka gani shi ne ruwan ba ya isa. Sati guda gansakuka take ɗauka ta gyara abin da injin ban ruwan Baba yake zuƙa kafin ya gama karin kumallo. Fangali huɗu kawai muke iya shayarwa, lambun kuwa ya fi hamsin. Sauran duk da ruwan rafi aka ci gaba.

Na biyu ya fi ciwo. Latas ɗin fangalin nan huɗu ya fito ƙanana, ganyen ba faɗi, koren ba duhu. Madam ta gane dalili tun kafin in tambaya. Gansakukar ba guba kaɗai take ci ba, har da abincin da ke cikin ƙazantar, wanda shi yake sa ganye ya yi ƙiba. Dillalin da yake zuwa da safe ya kwashi kaya zuwa kasuwa ya ɗaga guda ɗaya ya juya shi.

"Malam, wannan kuma yunwa ya ji?"

Baba ya yi masa bayani yadda ya fahimta, cewa wannan shi ne mai lafiya, an cire masa dalma.

"To wa zai gani? Matar da ta zo saye babba za ta ɗauka. In na ce mata ƙaramin ne mai kyau, sai ta tambaye ni me ya sami babban, ka ga na kashe kasuwata da taka." Ya ajiye shi ya sa aka loda masa sauran.

Mu muka cinye na fangali huɗun a gida, Madam ta ɗauki rabi. Daɗinsa ɗaya da wancan, ko kusa ban ji bambanci ba.

Sai kuma maganar busasshiyar gansakuka. Duk gubar da muka cire tana cikinta, a tattare. Madam ta ja kunnen Baba da Yaya: kada a ƙona ta, kada akuya ta ci, kada yaro ya taɓa, kada ta koma ƙasa. Muka riƙa ɗura ta a buhu muna ɗaurewa muna jingina a rumfar da Baba yake hutawa. Ta ce akwai buƙatar rami na musamman, mai daɓe, nesa da ruwa da gona, wannan kuwa aikin hukuma ne. Ta rubuta wasiƙu, ni na riƙa kaiwa. Babu wadda aka amsa.

Ta hanyar wani maƙwabcinmu muka samu wani sabon zaɓaɓɓe na yankinmu ya yarda zai zo ya gani. Ya zo da mota biyu da mutane kamar goma, farar shadda tana ɗaukar ido, hankici a hanci. Ya tsaya nesa da tafkin kaɗan. Madam ta yi masa bayani da Turanci, ta sake da Hausa saboda mutanensa. Ya yaba sosai. Ya ce irin wannan ake so, ilimi ya sauko wurin talaka. Ya tambaya ko gansakukar ana iya sayar da ita. Da ta ce a'a, guba ce, sai na ga hankalinsa ya koma kan takalminsa da laka ta ɓata.

"Ku kawo a rubuce, Madam. Ni da kaina zan bi shi."

Muka rubuta shafi tara, muka kai a buga a na'ura a wani shago kusa da Kantin Kwari. Sau huɗu muna zuwa ofishinsa muna zama a benci tare da masu neman aiki da masu neman kuɗin magani. A zuwa na huɗu ya fito zai shiga mota ya gan mu, ya gane mu, ya tsaya.

"Madam, wallahi ban manta ba. Amma ki duba, rafin nan ya girme ni. Kuma ba a yankina yake tasowa ba, wucewa kawai yake yi. In na gyara nan, na sama suna ci gaba da zubawa. Ki bari a zauna tukuna."

A hanyar komawa cikin bas ta ce da ni, abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba.

Buhuna suka kai bakwai. Wata Laraba muka iso lambun, Baba ya tafi jana'iza, Yaya ya shiga gari sayen mai na inji. Na leƙa rumfa don in ɗauko gidan sauro, sai na ga buhu huɗu. Na kira Madam. Muka duba bayan rumfa, muka duba bakin rafi. Ita ce ta hango. Lambun da yake jikin namu na wani dattijo ne, abokin Baba tun suna samari. Sabbin fangalin alayyafonsa duk an barbaɗe su da wani abu baƙi-baƙi mai kore, an riga an yi ban ruwa a kai. Buhunanmu uku suna rataye a kan shingensa, a zazzage.

Yana can ƙarshen lambun yana cire ciyawa. Ya taso da fara'a, ko alamar kunya babu, don a ganinsa ba sata ya yi ba.

"Madam, sannu da zuwa. Na ɗan ɗebi takin naku. Na ga abokina yana ta tarawa ya hana kowa, na ce to bari in gwada masa."

"Baba, ba taki ba ne. Gubar da muka cire daga ruwa ce. Duk tana ciki."

"Haba Madam. Abin da ya fito daga ruwan da muke sha wa ganye kullum?"

Ta yi masa bayani sau biyu. Na sake yi masa da kaina. Ta roƙe shi ya tuge alayyafon, a kankare ƙasar saman a kwashe. Fara'ar ta bar fuskarsa.

"In tuge fangali goma sha biyu? 'Yata, mutum goma sha ɗaya ne suke jiran wannan ganyen a gidana. Ke in wata ya ƙare gwamnati za ta ba ki albashi."

Ya koma bakin aikinsa. Madam ta zauna a kan kunyar fangali, a ƙasa, da zanen aikinta. Ban taɓa ganin ta zauna a ƙasa ba. Ta ce, "Wata biyar muna tsince ta daga ruwa muna tarawa wuri ɗaya. Da mun bar ta a rafin, rabinta da ta wuce."

Baba da ya dawo ya je ya same shi, suka yi maganar da ba mu ji ba. Daga ranar gaisuwa kawai take haɗa su. Alayyafon kuwa ya yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba a wurin, ganye kamar tafin hannu. Ina tsaye dillali ya zo ya yaba, ya sa aka ɗaure shi dami-dami aka loda. Ban san gidajen da ya shiga ba.

Buhu huɗun da suka rage muka zuba su a tafkin farko, Yaya ya kwaɓa siminti ya rufe su. Madam ba ta sake zuba sabuwar gansakuka ba. Ta ce sai ta san inda za ta kai abin da ta cire. Damina ta zo, rafin ya cika ya hau lambuna kamar yadda yake yi duk shekara, ya shafe fangali huɗun tare da sauran, ya bar baƙar laka a ko'ina.

Shekarar da ta biyo baya hankula suka tashi. An yi kashe-kashe a wani gari, labari yana zuwa iri-iri, kowa yana jin nasa. A Sabon Gari mutane suka riƙa kwana da kaya a ɗaure. Manyan motocin kudu suna tashi a cike, har da katifu da tukwane a sama. Madam ta ci gaba da zuwa aiki, amma in ƙofa ta buga da ƙarfi sai ta waiwaya. Wata Litinin ta zo ba ta shiga aji ba, ta kira ni ta miƙo mini makullan ɗakin gwaje-gwaje.

"Maigida ya ce ya isa. Yaran sun riga sun tafi tun Juma'a."

"Za ki dawo ai, in an kwana biyu."

"Ina yarinya an taɓa fita da ni daga garin nan a bayan babbar mota, muka dawo. Wannan karon ban sani ba. Can ɗin da za ni, ko hanyar kasuwa ban sani ba." Ta dubi taga. "Ki riƙa ƙara musu ruwa duk sati. Kada rana ta yi musu yawa. Ki gaida Baba, ki ce ya yafe mini wahalar da na sa shi."

Na raka ta har titi ta hau ɗan acaɓa. Wasiƙa ɗaya ta aiko bayan wata uku, ta ce ta samu koyarwa a wata makarantar coci. Na amsa, ban sake ji daga gare ta ba. Kwalaben na kula da su zango biyu. Da dogon hutu aka kulle makaranta aka canza maigadi, sabon ya hana ni shiga. Da aka dawo sun bushe ƙurmus.

Ciwon Baba a hankali ya fara. Gajiya, sai ya daina cin tuwo da yawa, sai takalminsa ya daina shigarsa da yamma. Daga baya fuskarsa ma ta riƙa kumbura da safe. Muka kai shi asibiti, aka yi gwaje-gwaje, likita ya ce ƙoda ce, duka biyun, kuma an makara. Na bi likitan har baranda na gaya masa maganar rafin da takardar jami'a. Ya saurare ni da haƙuri. Ya ce zai iya yiwuwa, zai iya kuma zama hawan jini ne da ba a kula da shi ba, ko wani abu daban, ba shi da hanyar da zai tabbatar. Ya ce ko ya tabbatar, maganin ɗaya ne, kuma ba mu da halinsa.

Muka dawo da shi gida. Wata rana da la'asar ina shafa masa mai a ƙafa, ban san lokacin da na fara faɗin abin da ke raina ba, cewa rafin nan ne, da ya bari tun lokacin da Madam ta faɗa.

"Ke dai bari," ya ce. Numfashinsa yana fita da ƙyar. "Da ruwan nan na biya miki makaranta har kika san yana da guba. Kwanana ne ya ƙare."

Bai kai azumi ba ya rasu.

A zaman makoki, cikin mata, na yi maganar fiye da sau ɗaya. Duk wadda ta tambaye ni me ya same shi, sai in ce ruwan lambu ne. Bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, Yaya ya kira ni zaure. Yanzu lambun a hannunsa yake, da mahaifiyarmu, da ƙannenmu uku, da matarsa mai ciki. Bai zauna ba, bai kuma dube ni ba.

"Maganar da kike yi ta fita. Jiya dillali ya tambaye ni wai gaskiya ne ganyenmu ne ya kashe Baba. Masu lambu ma sun yi mini magana. Ban ce ƙarya kike yi ba. Ni na haƙa ramukan nan, na ga takardar. Amma in aka daina sayen namu, na maƙwabci za a saya, ruwan kuma ɗaya ne. Mu kaɗai za mu kwana da yunwa. Don Allah ki bar maganar."

Na yi shekaru ina tsaye a gaban yara ina koya musu kimiyya, amma ban sami ko kalma ɗaya da ta fi tasa ba.

"To, Yaya," na ce. "Na bari."

Da rani ya kama ya sa aka fasa tafkuna biyun da suka rage, aka kwashe simintin aka zubar a bakin rafi. Ya samu fangali shida a wurin, ya shuka karas.